Gashin da Na Samu a Injin Sharar Masallaci

Shekara shida ina share masallacin layinmu a unguwar Sabo ta Badun da tsintsiya kafin injin ya zo. Ba aikin albashi ba ne. Liman ne ya damƙa mini makullin, domin ya lura ni ne mai komawa sau biyu in duba ko an rufe famfon alwala. Da safe nake sharar, kafin in wuce kasuwar Bodija inda nake sayar da albasa.

Wani Alhaji mai fataucin goro ne ya sayo injin, tokumbo, wato kayan ƙasar waje da wasu suka riga suka mora. Ya ce sadaka ce Allah ya kai ladan kabarin mahaifiyarsa. Injin kamar tukunyar gas ne da aka kwantar, ja da ya koɗe, da tayoyi biyu manya a baya da ƙarama ɗaya a gaba. Doguwar mesa ce ke fita daga bakinsa, sai bututun ƙarfe, sai kan da ake gogawa a kafet. Kana tafe kana jan sa, yana bin ka kamar akuya a igiya.

Aiki kam yana yi. Yashin da ya shige cikin kafet, wanda tsintsiya ke bi ta kansa ta wuce, sai ka ji shi ƙaras-ƙaras yana hawa bututun. Amma yana da halaye. In ya zo inda kafet biyu suka haɗu sai ya kife, tayoyi sama. An yi wayarsa ta riƙa komawa ciki da kanta in ka taka wani maɓalli, amma tamu rabi take shiga ta tsaya. Mesar ta tsage a wuya, na naɗe ta da salatif. Ƙararsa kuwa, har mai shayin bakin layi ya san na fara aiki. Abin da ban so ba tun ranar farko shi ne iskar da ya zuƙa ta gaba, ta baya take fita, da ɗumi da ɗan wari, tana hura wurin da na riga na share.

Bayan sati uku ƙarfinsa ya ragu. Na buɗe murfin na ciro jakar ƙyallen da ƙura ke taruwa a ciki, na zazzage ta a bayan masallaci. Ƙurarmu ta zube. Amma a ƙasan jakar, da cikin ɗinkinta, akwai wani abu da ya manne kamar auduga. Gashi ne gajere mai kauri, fari da ruwan ƙasa. Ba na mutum ba ne.

Na ƙunsa kaɗan a leda na kai wa mai ɗakina, tana tsakiyar suyar awarar da take sayarwa a gida.

Ta duba ta ce, "Na kare ne, Malam. Ai an ce can da su ake zama a ɗaki, har kan kujera."

Da ta ga yadda fuskata ta koma, sai ta ce, "Ko kuma na kyanwa. Kai dai zauna ka ci abinci."

Ban ci ba. Na zauna na ƙirga. Kwana ashirin da ɗaya, salla biyar kowace rana, salla ɗari da biyar ke nan da mutane suka sa goshi a kafet ɗin da ni da hannuna na hura wa iskar da ta bi ta cikin gashin kare. In sallolin nan ba su yi ba, a wuyan wa suke? Wasu matafiya ne, sun koma arewa da motocin shanu, ina zan same su in gaya musu? In kuma na faɗa wa Liman, maganar za ta kai kunnen Alhaji, ya ji sadakar mahaifiyarsa ce ta kawo najasa masallaci. Ni kuma a karɓe makulli.

Sai na yanke shawarar in tsarkake injin ni kaɗai. Na taɓa ji a wajen karatu cewa ƙwaryar da kare ya sa wa baki ana wanke ta sau bakwai, wasu suka ce ɗaya da ƙasa. Haka na yi wa jakar, da mesar, da kan. Na ɗebo jar ƙasar bayan gida na dama, na ɗura a mesar, na girgiza, na ɗauraye sau shida. Lokacin damina ne, kuma kowa ya san daminar Badun, kwana biyu jakar na kan igiya ba ta bushe ba. A na uku na ce ta yi, na mayar da ita da ɗanshinta.

Da na kunna injin, muryarsa ta sauya. Ya yi ta nishi, ba ya ɗaukar ko tsinke. Jikinsa ya yi zafi, na ji ƙauri, sai ɗif, ya mutu.

Na ɗaura shi a bayan okada zuwa Mokola, wajen wani dattijo Bayarabe mai gyaran fanka da dutsen guga, wanda ya daɗe yana hulɗa da mutanen Sabo har Hausa ta zauna a bakinsa. Ya buɗe, ya zura yatsa a mesar, ya fito da laka.

"Aboki, doya za ka shuka a ciki?"

Na ce, "Baba, wankewa na yi."

"Da ƙasa? Wane sabulu ne ya yi maka laifi?"

Ya yi mini bayani. Irin wannan injin, iskar da yake zuƙa ita ce ke sanyaya shi. Jiƙaƙƙiyar jaka da laka sun toshe masa numfashi, ya yi zafi, sai ya kashe kansa kafin ya ƙone. In ya huce aka kuma busar da shi zai tashi. Na ji daɗi, amma na tambaye shi abin da ya fi ci mini rai, ko ƙurar cikin jakar tana iya fita ta baya. Ya ciro wani soso daga gindin injin, ya murza, ya zama gari.

"Wannan ne mai tarewa, kuma ya mutu tun can ƙasarsu. Mai laushin tana fita mana."

Daga nan na san ba sauran ɓoyo. Bayan la'asar na jira mutane suka watse, na durƙusa gaban Liman, na ajiye makullin a kan buzunsa.

"Allah gafarta Malam, na yi ɓarna."

Na faɗa masa komai, har da lakar. Da na zo kan lakar sai ya sa hannun riga ya rufe baki.

Ya ce, "A karatun da muka yi wajen malamanmu, gashin kare ba ya ɓata salla. Ƙwaryar da ya sha ruwa a ciki ake wankewa. Ka ga ya sha ruwa a injin?"

"Ban gani ba, Malam. To sallolin?"

"Sun yi."

"Ɗari da biyar ne."

"Har ka ƙirga? To duka ɗari da biyar ɗin sun yi. Inda ka yi kuskure shi ne kwana huɗu kana yi wa kanka fatawa, alhali ga ni a zaune." Ya turo mini makullin. "Ɗauki kayanka. Alhaji kuma ba sai ya ji ba."

Tela ya ɗinka mini sabuwar jaka da yadin kaki mai kauri, Baba kuma ya yanko soson katifa ya sa a madadin wanda ya mutu. Injin yana nan yana aiki, yana kifewa a gaɓar kafet kamar da. Daga mihirabi nake farawa in yo baya, ina juya gindinsa ya kalli ƙofa, don iskar ta fita waje. Liman ya ce ba dole ba ne. Na ji, amma haka nake yi.