Mai Gyaran Lif a Garin da Ba Lif

Jama'a, a gyara zama, a rage rediyo. Ga mutumin da manyan daraktoci ke kira murya na rawa, wanda ya shekara goma sha huɗu yana kai masu tumbi hawa na ashirin ba tare da ya yi nishi ba: Sama-da-Ƙasa, mai gyaran lif, mijin yayata. Da kyar tsawonsa ya wuce firji, amma ba a faɗin wannan a gabansa.

A babban birni ya yi suna. Kunne kawai zai kara a ƙofar lif ya faɗi abin da ke damunta. A wuyansa akwai ɗan makulli mai kusurwa uku da kamfani ya ba shi, mai buɗe ƙofa daga waje idan mutane sun maƙale. Ko wanka da shi yake shiga.

Sai autarsu ta fara tari. Tagar ɗakinsu na kallon tashar manyan motoci, hayaƙi har cikin filo. Sau uku ana rugawa da ita asibiti, ƙirjinta na kuka kamar usur. A na ukun likita ya ce ko su canza mata iska, ko su saba da bencin asibiti. Yayata ta kawo zancen wani ƙaramin gari, tafiyar awa biyu da rabi.

Ya je duba garin. Da wani ne, mutane zai tambaya. Shi kuwa kai ya ɗaga. Ya hango bene mai hawa shida da ɗan ɗaki a kan rufi, irin wanda ake ajiye injin lif a ciki. Ya dawo ya ce a ɗaure kaya, aiki na jiransa. Sai da suka sauke katifu ya ɗauki akwatin aikinsa ya nufi benen. Maigadi ya kai shi sama, a ƙafa, ya buɗe masa ɗakin. Tankin ruwa ne. Duk garin babu lif ko ta magani.

Bai gaya wa matarsa ba sai bayan kwana uku. Ta dube shi, ta ci gaba da tankaɗe, wanda ya fi zagi ciwo.

Haka ya koma bin motar farko zuwa birni kullum, akwati a cinya, gwiwar wani a haƙarƙarinsa. Ya rame. Yarinya kuwa tari ya sake ta, har ta fara tsalle da igiya a tsakar gida.

Amma lif ba ta san hanya da nisa ba. Wata safiya, yana tsakiyar titi taya ta fashe, aka bugo cewa wata tsohuwa ta maƙale tsakanin hawa na bakwai da na takwas. Awa uku ta yi a ciki kafin ya iso. Da ya buɗe ƙofar tana zaune a ƙasa, ta jiƙe da zufa, ko kallonsa ba ta yi ba. Ogansa ya kira shi ofis.

"Ko ka dawo birni, ko ka ajiye makullin. Ba na fushi da kai, amma zaɓi ɗaya."

Ya roƙi mako guda. Yayata ta ce ba za ta hana shi komawa ba, amma yarinya ba inda za ta. Kwana shida yana zagaya garin yana tambayar masu gyaran injin ban ruwa ko suna neman hannu. Ɗaya ya ce sai dai ya fara da wanke ƙarafa. A kwana na bakwai ya shiga motar farko, ya dawo da la'asar wuyansa wayam.

Na same shi a bakin ƙofa, hannunsa na ta lalubar wuyan riga. Na gyara murya na sanar da shi cewa zan rubuta tarihinsa, duniya ta san gwarzon da ya sauko daga hawa na ashirin saboda 'yarsa.

Bai ɗago ba.

"Rage murya," ya ce. "Yarinya na barci."