Takalmina a Murfin Tanki

Jiya jikana yana canza murfin tankin motarsa a tsakar gida, warin esansi ya buge ni, sai na tuna surukina, Allah ya jiƙansa.

Zamanin Nasara ne, a Gaya, ban daɗe da auren 'yarsa ba. Na je gaisuwa, na tuɓe takalmana na fata a bakin zaure, na shiga wurin iyaye mata. Da na fito na tarar da shi gefen kamiyonsa na jigilar goro, murfin tanki a cinya, yana yanka fata da aska.

Ya ce, "Malam, fatar murfin ta cinye, esansi na yoyo. Ga wani mataccen takalmi na tsinta a ƙofa. Ni ba na yar da abu."

Takalmina ne, kuma ba ni da wani. Na durƙusa na ce, "Madalla, Baba."

Sai idonsa ya sauka kan ƙafafuna. Askar ta tsaya. Na koma gida rairayi na ƙona tafina.

Washegari matata ta miƙo mini sababbi, ta ce wai Baba ya tsince su a ƙofa.

Allah ya rufa masa asiri yadda ya rufa mini.