Furen Tsakiya a Zanen Kawu

Kawu ya ƙare ƙuruciyarsa wajen rubuta allunan shaguna. Da injin bugawa ya ƙwace aikin, sai ya koma ɗakin bayan gida, inda gwangwanayen fenti suka fi kujeru yawa. Ya kafa ƙyalle a jikin katako, ya fara abin da ya daɗe yana buri: zanen furanni cikin kwalba, da fentin mai.

Fentin mai ba ya son gaggawa. Kafin shafi ɗaya ya bushe furen ya yi yaushi, don haka ɗaya bayan ɗaya yake zana su. Inna, matarsa, ta tsinko a gindin katanga, ya zana, ta zubar, ta tsinko wani. Da na dawo daga karatu na tarar saura fure guda, an bar masa gurbi a tsakiya.

Na tsaya ina kallo. Furannin hagu, waɗanda ya fara da su, farare ne tas. Ana matsawa dama sai farin ya riƙa komawa shuɗi.

"Kawu, shuɗin nan da gangan ne?"

"Wane shuɗi, Bature? An tura ka karatu ka dawo mana da ciwon ido?"

"Bakina ya gaji, Malam," in ji Inna daga bakin ƙofa. "Fari nake kawo maka, kana mai da shi kamar rigar da bula ta yi wa yawa."

Da aka kai shi asibiti, likita ya ce yanar ido ce ta rufe masa idanun biyu. Ita ta sa komai ya yi masa rawaya, shi kuma yana ta ƙara shuɗi don ya kashe rawayar. Aka yi masa aiki a idon dama.

Ranar da aka cire bandejin, bai ko cire takalmi ba ya wuce ɗakin. Ya tsaya gaban zanen, ya rufe ido ɗaya, ya buɗe, ya rufe ɗayan. Mutumin da duk layin masu fenti ke zuwa ya haɗa musu launi ya zauna jagwab a kan gwangwani.

"Ashe gaskiyarki."

"Yau kuma?" in ji Inna, amma a hankali.

Na ce ai ana iya kankare rabin a sake. Ya ɗaga mini hannunsa da tsufa ya sa wa rawa.

"Da wannan? Aikin shekaru ne, Bature. Ba ni da ƙarfinsa."

"To zana na tsakiyan fari, a huta."

"Sai ya tona asirin 'yan'uwansa."

Ya sake duban zanen. Can ya ce Inna ta tsinko fure, ta kuma miƙo masa tsumma mai tsabta. Ya ɗaure idon da aka gyara, ya matso farin fenti, ya laluba shuɗin ya ɗiga a kai.

"Malam, ya yi yawa fa."

"Na sani," in ji shi. Ya ƙara kaɗan.