Jinin da Ban Auna Ba

Har gobe ban manta da wata Asabar ta watan Janairu ba, a shekarata ta shida ina aikin nas a wani asibiti da ke garin Largo, a ƙasar Turawa. Nakan ba sababbin ma'aikata labarin duk da ba ya yi min daɗi, domin ranar saura ƙiris na yi asarar mutumin da ya riƙe ni kamar 'yar cikinsa.

Akwai wata ƙungiyar masu iyo da ke shiga wani tafki bayan Upper Marlboro a tsakiyar hunturu. Da na fara jin labarinsu cewa na yi waɗannan ba su da aikin yi. Amma da na zauna da su, na ga tsofaffi masu cewa barcinsu ya gyaru, ciwon gaɓoɓi ya ragu, ƙuncin da hunturu ke saukar wa mutum ya yi musu sauƙi. Ban musa musu ba. Abin da muka sani a namu aikin shi ne minti na farko ne mai haɗari: numfashi yakan sarƙe, jijiyoyi su tsuke, jini ya hau lokaci guda. Mai lafiya zai wuce wannan, mai ciwon zuciya kuwa ba lallai ba.

Shi ya sa duk ranar da suke karɓar sababbi, asibitinmu kan tura nas biyu. Tsarin ba shi da wuya. Mutum ya cike fom, mu auna jininsa da bugun zuciyarsa, mu tambaye shi magungunan da yake sha, nas ta sa hannu. Wanda ya dace a ɗaura masa koren zare a hannu, ya shiga na minti biyu. Wanda bai dace ba a ɗaura masa ja, ya yi kallo daga gaɓa. Ranar ni ce a teburin awo, shugabata Linda, wata baturiya da ba ta wasa da ƙa'ida, tana bakin ruwa.

Wajen ƙarfe tara na ɗaga kai sai ga Baba Alhaji Garba a layi, da jallabiya da hular sanyi. Aminin mahaifina ne tun a Kano, injiniya ne da bai daɗe da yin ritaya ba. Shi ya ɗauko ni daga filin jirgi ranar da na sauka ƙasar nan, wata huɗu ina cin tuwon gidansa a Alexandria. Matarsa Hajiya Asabe tana bayansa da fulas ɗin shayi, fuskar nan a ɗaure.

Na rusuna na gaishe su. Ya ce maƙwabcinsa ne ya kwaɗaita masa, ko gwiwarsa za ta sake shi. Na ɗauko abin awo na ce, “Baba, a ɗan naɗe hannun riga.”

Ya yi dariya ya ce, “Haba Rabi! Ni za ki tsare a layi kamar baƙo? Jiya na auna a gida, lafiya lau. Rubuta kawai.” Ya faɗi lambar.

“Baba, ƙa'ida ce.”

“Ƙa'idar ta fi maganata? Ƙarya zan yi miki?”

Mutane na jira a bayansa, ga abin awon a hannuna, amma na kasa cewa dattijon da ya yi min uba ya tuɓe hannu a gaban jama'a bayan ya ba ni magana. Na rubuta lambar da ya faɗa a gurbin da aka ware wa abin da nas ta auna, na sa hannu, na ɗaura masa koren zare. Hajiya ta dube ni, na kawar da kai.

Su shida suka shiga tare. Ina kallonsa daga tebur, ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Sai na ga ya tsaya cak, bakinsa a buɗe. Kowa yakan yi haka da farko, don haka na fara ƙirga daƙiƙa a raina. Sauran biyar suka fara dariya suna ihu, shi bai motsa ba. Ya ɗora hannu a ƙirji, ya karkata gefe guda.

Ban san lokacin da na isa ruwan ba, da takalmina da komai. Ni da mai ceton ƙungiyar muka tallabo shi zuwa tantin da muka kafa a gaɓa. Linda ta kira motar asibiti, ni na yanke rigar da ta jiƙe, muka jingina shi, muka lulluɓe shi da barguna. Leɓɓansa sun yi shuɗi, yana cewa kamar an ɗora masa buhu a ƙirji. Na ba shi asfirin ya tauna, na sa masa iskar numfashi, na jawo na'urar farfaɗo da zuciya kusa. Sannan na yi abin da ya kamata na yi tun minti ashirin da suka wuce, na auna jininsa. Ya haura ɗari biyu.

Hajiya ta faɗo tantin tana salati, ta buɗe jaka ta ciro man zafi za ta murza masa ƙafafu. Na riƙe hannunta.

“Hajiya, kada ki taɓa shi.”

“Ke Rabi, mijina ne! Sanyi ne ya kama shi!”

“In kika murza, jinin sanyi zai koma zuciyarsa. Don Allah ki matsa baya.”

Tunda nake ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ta ja baya tana kuka. Baba ya buɗe ido da ƙyar ya ce min mako biyu ke nan bai sha maganin hawan jini ba, wai ya ji sauƙi, kuma bai gaya wa kowa ba. Minti goma sha ɗaya motar ta yi kafin ta iso, yatsuna na kan jijiyar wuyansa, ina ta addu'a kada bugun ya ɗauke.

Bayan an tafi da shi, Linda ta ɗauko fom ɗin ta nuna min lambar. Ta ce, “Ke kika auna wannan?” Babu wanda ya ga abin da ya faru a tebur. Da na ce e, da wataƙila maganar ta mutu a nan. Na ce, “A'a, shi ya faɗa min, na rubuta.” Ba ta yi faɗa ba, ta ce kawai na rubuta rahoto kafin Litinin. An dakatar da ni mako biyu, aka sa takardar gargaɗi a fayil ɗina. Lasisina ya tsira da ƙyar.

Baba ya rayu, an buɗe masa jijiyar da ta toshe a ranar. Kwana uku na kasa zuwa duba shi don kunya. Da na je, ya kama hannuna ya ce laifinsa ne, shi ya matsa min. Da na tashi tafiya, Hajiya ta rako ni bakin lif.

Ta ce, “Tsawar da kika yi min a tanti, na gode. Ita ya kamata ki yi masa a tebur. Kunyar da za ta sa ni takaba, Rabi, ki riƙe abarki.”

Abin da nake gaya wa duk wadda ta fara aiki a ƙarƙashina ke nan. Mutanenmu za su zo miki da girma da zumunci, su ce lafiya lau, kuma ba don mugunta ba. Ki rusuna ki gaishe su yadda ya kamata, sannan ki naɗe musu hannun riga. Tun daga ranar ban sake sa hannu a kan lambar da ban gani da idona ba, ko ta wane ne.