Madam Mariyama da Gaɓa Ashirin da Takwas

Ranar Litinin da hantsi, ina cikin wanke hannu a ɗakin duba masu ciwon gaɓɓai, wayata ta yi ƙara. Babban ɗan Madam Mariyama ne. Ya ce, "Hadiza, Mama ta cika." Na yi salati, na tsaya ruwa na ta zuba har mai shara ta zo ta rufe famfon. Bayan azahar aka kai ta makwancinta a Tibiri, garinsu. Tun daga ranar na kasa zama wuri ɗaya. A gidan makoki a unguwar Zariya ta nan Maraɗi in zauna, in tashi, in leƙa ƙofa, in dawo, har wata gwaggonta ta tambaye ni ko akwai ƙaya a tabarmar.

Shekara shida na yi a ƙarƙashinta. Ita ce babbar malamar jinya a sashenmu, kuma ita ta koya mini duba masu amosanin gaɓɓai, ciwon nan mai kumbura yatsu, ya sandarar da su, in an yi sake ya karkatar da su har abada. Aikin na ƙirga ne. Gaɓa ashirin da takwas ake bi: kafaɗu, gwiwoyin hannu, wuyan hannu, gaɓɓan yatsu, sai gwiwoyin ƙafa. A danna kowace, a rubuta nawa suka kumbura, nawa ke ciwo. Da wannan lissafin likita ke sanin ko maganin ya kwantar da ciwon ko sai an canza. Da farko ni shafawa kawai nake yi, don tausayin tsofaffi. Ta damƙe hannuna ta ce, "Ke lalle kika zo sa mata? Danna har hwarcenki shi yi hwari." A wurinta na koyi rabe taurin ƙashi da kumburi, wanda ke lotsawa a ƙarƙashin yatsa kamar nunannen tumatir.

Ba ta da sauƙi, ba kuwa zan yi mata ƙarya don ta bar duniya ba. Sau biyu ta sa ni kuka a bayan ɗaki. Amma ban taɓa ganin mai sanin halin mutanenmu kamarta ba. Takan ce, "Mutumin nan ko yanka shi ake, in kin ce ya jiki, da sauƙi za shi ce." Don haka sai ta tambayi tsohuwa wa ke ɗaga mata buta da asuba, ko kuma sai rana ta kai ina yatsun ke sakewa. In tana dannawa, idonta na kan fuskar mai ciwo. Ɗan rakiya kuwa ba ya tsayawa a ɗakinta: sai ta aike shi sayen ruwa, alhali ga gorarta cike a kan tebur.

Abin da ya hana ni zama shi ne Inna Haɓsu ta Jiratawa. Tsohuwa ce mai garkar zogale, da yatsunta take tsinkar ganye tana shanyawa. Ɗanta, wani alhajin kasuwa a nan Maraɗi, ya rantse ranar da aka ce ciwon ya tashi zai ɗauko ta daga garkar ya ajiye ta gidansa. Mako biyu kafin rasuwar ni na duba ta, ɗan yana tsaye a kanmu. Duk inda na danna sai ta ce, "Ba komi." Na rubuta gaɓa biyu a karnenta, ɗan littafinta na asibiti. Madam ta karanta, ta dube ni ta saman tabarau. "Biyu? Hannun Haɓsu? A maido min ita ran da likita zai zo, ni za ni taɓa da kaina." Saura kwana uku ranar ta cika Allah ya yi ikonsa.

Kwana ukun nan na yi su ina kai da kawo. In na bar biyu, likita zai bar maganin yadda yake, yatsun su ci gaba da lalacewa a ɓoye. In na ƙirga gaskiya, na raba tsohuwa da garkarta. Ga shi wadda zan tambaya tana ƙarƙashin ƙasa.

Ran Alhamis suka iso. Na ce, "Alhaji, don Allah a samo muna ruwa." Da ya fita na kama hannunta na danna yadda aka koya mini. Wuyan hannun biyu duk sun lotsa. Na bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta cije leɓe, ta runtse ido. Tara sun kumbura, goma sha ɗaya na ciwo.

"Ɗiyata, rubuta biyu," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ki dubi Allah. In ya kai ni birni mi za ni yi? In zamna ina kallon bango?"

"Inna, in na rubuta biyu, baɗi ko reshe guda ba ki iya tsinka."

"Da Madam na nan da ba ta yi min haka ba."

"Da tana nan, Inna, da ta hi ni dannawa."

Na rubuta abin da yatsuna suka ji. Likita ya canza magani. Alhaji ya saurari bayani, ya ce a je a haɗo kayanta. Da za su tafi na ce Allah ya sauke ku lafiya, ba ta ko dube ni ba. Na ɗauki takardar na nufi ofishin Madam in nuna mata, sai da na kama ƙofar na tuna.

Allah ya jiƙan Madam Mariyama, ya gafarta mata kurakuranta, ya haskaka kabarinta, ya saka mata da Aljanna saboda kowane hannu da ta riƙe. Allah ya ba maigidanta da 'ya'yanta huɗu haƙurin wannan rashi, ya tsare bayanta. Allah ya sa sabon maganin ya karɓi Inna Haɓsu ta koma garkarta, ya kuma sa wata rana ta amsa gaisuwata. Amin.