Cikin Jar Akuya

Ku matso kusa, ku gyara zama, akwai abin da nake so in gaya muku game da wata akuya. Na san wani zai ce ita akuya har wani labari gare ta. To ku dai bari in fara, in kun gaji ku ce mini.

Mu mutanen wani ƙauye ne ta wajen Giwa. A gidanmu idan za a kai yarinya ɗakin miji, bayan tukwane da muciya da ƙullin daddawa, uwarta kan ja wata 'yar akuya daga cikin nata ta danƙa mata igiyar a hannu. Wannan ba ta sayarwa ba ce. 'Ya'yanta maza a sayar, ko a yanka da Kirsimeti, amma mata dole ki riƙe ko guda ɗaya, domin ranar da ke ma za ki kai taki 'yar. Ta uwata daga wurin kakata ta fito, tawa kuma daga ta uwata. Dukansu jajaye ne, masu gajerun ƙafafu da rashin kunya. Ranar da aka kawo ni Samaru a bayan a-kori-kura, ni ina kuka akuya tana kuka, har direban ya ce shi bai gane wacece amaryar ba.

A lokacin, bayan gidanmu fili ne iya ganinka. Maigidana yana noma 'yar gonarmu, masara da dawa da gyaɗa, ya ratsa wake a tsakani. Ni kuwa ba mai yawo ba ce, daga coci sai madafa, kuma madafata da awakina kusan abu ɗaya ne. In na yi surfe dusar tasu ce, ruwan tsarin da na wanke hatsin ma nasu ne. In na tsinke rama ko yakuwa don fate, sauran itacen nasu. Ƙanzon tuwo in jiƙa musu. Ɓawon wake, in na wanke na alala, in tsame musu in barbaɗa 'yar kanwa. Har ƙarar turmi sun sani, da taɓarya ta sauka za ku ga kawuna a bakin ƙofa. Su kuma su ba mu taki, maigida ya kwashe ya kai gona, gona ta dawo mini da abin surfe. Haka muka yi ta juyawa har yara suka girma.

Kiwon awaki a wurinmu ƙa'ida ɗaya gare shi, kowa ya san ta. Da ruwa ya sauka aka yi shuka, kowa ya ɗaure dabbarsa a turke ya riƙa yanko mata ciyawa. Da an kawar da amfanin gona sai a kwance. Su bazu cikin gonaki su yi ta kala, can za su haɗu da bunsurun maƙwabta, da yamma kowacce ta dawo gida da ƙafarta. Akuyar da ba a sake ta da rani ba, ba ta samun ciki, kuma kukanta ba zai bar ku ku huta ba. Haka na taso na gani, haka nake yi.

Sai dai filin ya yi ta tafiya. Yau a haƙa harsashi nan, gobe can, ɗakunan haya na 'yan makaranta suka yi ta tsirowa har suka zagaye mu. Gonarmu ta koma kamar tabarma a tsakiyar gidaje. Inda ake tara karan dawa a da ya zama bola. Awakina ma suka yi ta raguwa. Mota ta buge wata, zawo ya kwashe wasu cikin damina guda, wata ta fita ba ta dawo ba. Shekarar da 'yata ta yi aure saura ɗaya tak a turke.

'Ya mace ɗaya Allah ya ba ni, sauran duk maza ne. Mijinta mai gyaran janareto ne a Sabon Gari. Suka kama ɗaki a Muchia, gidan haya mai tsakar gida kamar faranti, ko kaza ba a yarda ka ajiye ba. Na ce mata, "To yaya za mu yi da maganar akuyarki?"

Ta yi dariya ta ce, "Mama, a ƙarƙashin gado zan ɗaure ta?"

Muka shirya a kan uwar ta zauna wurina, 'ya macen da ta fara haifa ta zama ta 'yata, in riƙe mata har su sami wuri. Ta ce to, amma na ga kamar don ta faranta mini ne kawai. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, don a zuriyarmu ni kaɗai na kai 'ya ɗaki ba igiya a hannunta.

Da aka girbe dawa na kwance akuyar kamar kullum. Ba a daɗe ba cikinta ya fara tasowa. Wata safiya maigida ya tsaya yana kallonta, ya ce, "Maman yara, wannan ai tagwaye ne."

Maƙwabciyata mai ƙosai ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Wane tagwaye? Uku ne. Ki fara neman sunaye, mu muna jiran tuwon suna."

Na aika wa 'yata cewa akuyarta tana hanya. Daga nan girkin gidanmu ya koma bin abin da mai ciki ke so. Ina da gari a ajiye amma sai in sake surfe don a sami dusa. Alala kuwa ba a kwana biyu ban yi ba, saboda ɓawon wake. Har maigida ya ce, yana buɗe kwano, "Ni dai a gidan nan albarkacin akuya nake ci. In ta haihu ko za a tuna da miyar kuka?"

Ciki yana ta girma, amma sauran jikin yana komawa baya. Ƙashin bayanta ya fito, gashinta ya tashi ya daina sheƙi. Hantsarta ba ta sauko ba, alhali na san ta, da haihuwa ta matso sai ta cika har tana tafiya a tale. Na ce a raina 'ya'yan ne suka yi yawa suke shanye ta. Sai ta daina tuƙa. In na ajiye mata dusa ta shinshina, ta ɗan lasa, ta juya kai. Na ba ta ruwan kanwa, na ɗura mata manja, maigida ya ware mata harawa mafi kyau. Lokacin haihuwa ya zo ya wuce, ba naƙuda ba alamarta.

A layinmu akwai wani dattijo mahauci, Musulmi, shi ke mana yanka duk Kirsimeti don maƙwabta su ci tare da mu. Ina tsokanarsa da Sarkin Fawa, shi kuma ya ce mini uwar awaki. Ran nan na tare shi yana dawowa daga kwata, na ce ya shigo ya duba mini.

Ya ce, "Uwar awaki, ni fa ba ungozoma ba ne. In aka kira ni gida, dabba ba ta murna."

Na ce, "Ka dai duba, ba wuƙa na ce ka kawo ba."

Ya tsuguna, ya dunƙule hannu ya danna gefen cikinta. Wurin ya lotsa bai taso ba, kamar an danna kwaɓaɓɓen gari. Ya sake dannawa ta ƙasa. Sai na ga ya daina wasa.

Ya ce, "Kawo hannunki."

Na kai hannu inda ya nuna. Wani abu ne dunƙule mai tauri, ba ya motsi, in ka matsa yana ɗan ƙara ƙasa-ƙasa.

Ya ce, "Babu ɗa a nan, Mama. Leda ce."

Na ce, "Leda kamar yaya?"

Ya ce, "Ledar bola. Wadda aka ci alala, wadda aka ƙulla miya, ta tsire, ta awara. Gishiri da mai suke bi, su haɗiye gaba ɗaya. Yanzu da wuya in fasa tumbin akuyar cikin gari ban tarar ba. Wannan dai tata ta yi yawa."

Na ce, "To me zan ba ta ta fito?"

Ya girgiza kai ya ce, "Ba ta fita."

Ban yarda ba. Na matsa wa maigida ya sa ta a keke-napep ya kai ta wurin likitan dabbobi. Likitan ya tabbatar da maganar mahauci. Ya ce akan yi fiɗa a ciro, amma jikin wannan ya riga ya yi rauni, ko an yi ba za ta tashi ba, da dai an kawo ta da wuri. Da maigida ya dawo ya faɗa mini, na ce da wuri yaushe? Lokacin da ya kamata a kai ta ai murna muke yi.

Na hana a yanka ta. Na mayar da ita inuwar bakin madafa inda zan riƙa ganinta. In dama kunu mai ruwa-ruwa in kai mata, in ɗumama ruwan tsari, in tsinko ganyen mangwaro masu taushi. Ta ɗaga kai ta dube ni, ta ɗan sa baki don kada in ji kunya, ta mayar da kai ƙasa. Ni ban yi makaranta mai nisa ba, abin da na iya a duniya shi ne in ba mai rai abinci. Ga abincin a hannuna, ga mai yunwa a gabana, babu wurin da zai shiga. In na buga turmi kunnenta ya motsa, amma ba ta iya tashi.

Maigida ya bar ni har na gaji don kaina. Sannan ya ce, "Maman yara, wahala take sha. Kuma in ta mutu a kwance ko maƙwabta ba za su amfana ba." Na juya baya na bar masa maganar. Ya je ya kira mahauci da safe. Ni na shige madafa ina ta hura wutar da ta riga ta kama.

Da aka fasa tumbin na fito, ko da yake an ce kada in fito. Abin ya dunƙule wuri guda ya kai girman tulu, baƙar leda da fara, ledar ruwan fiya-wata, igiyar buhu, duk sun murɗe da juna. Mahaifarta kuwa ba komai. Na tsaya ina kallo. Ba wanda zan kama in ce tasa ce, duk layin da leda muke ƙulla komai, har ni mai alala.

Naman kaɗan ne, ba kitse ko na shafawa. Amma an yanka, dole a dafa. Na daka citta da masoro da kimba da kanumfari, na jajjaga attaruhu da albasa, na ɗora farfesu. Hannuna ne kawai ke aiki. Ƙamshi ya cika gida kamar ranar biki, mai ƙosai ta karɓi nata kwanon ba ta yi tsokana ko ɗaya ba. Ni tuwon jiya na ɗumama na ci da kuka.

'Yata ta zo daga Muchia da rana. Na zuba mata, ta riƙe cokali tana juyawa. Can ta ce, "Mama, wai da gaske daga ta Kaka ta fito?"

Na ce, "Daga ta kakata ma."

Ta rufe kwanon ta ce za ta kai wa mijinta.

Tsakiyar damina sai ga keke-napep ya tsaya a ƙofar gida, 'yata da mijinta suka sauko da 'yar akuya, an ɗaure ta da sabuwar igiya. Ta ce, "A kasuwa muka saya. Na san ba jinin taki ba ce, amma na sa ya zagaya har muka sami ja. Ki riƙe mini. In ta haifi mace, mu fara daga nan."

Na karɓa. Na kai ta turke na ɗaure.

To yanzu ga inda nake. An yanke dawa, awakin mutane suna wucewa ta ƙofar gida da safe, ita kuma tana turke tana jan igiya har gashin wuyanta ya fara zubewa. Harawar 'yar gonarmu ba za ta kai mu ruwa ba, dusar madafata kaɗai ba ta riƙe akuya. In tana ɗaure ba za ta ga bunsuru ba, don masu shi ba sa ba da aro, sun ce ɓarayi sun yi yawa. Maigida ya ce in sake ta, ba kowace ke mutuwa ba. Sarkin Fawa ya ce in na sake ta kada in ƙara kiransa duba ciki. Bolar kuwa tana nan, ta ma ƙara faɗi, har ta taɓo kunyar farko ta gonarmu.

Yanzu haka da nake muku wannan magana tana can tana kuka. Ku da kuka ji duka, in kwance ta, ko in bar ta a turke?