Ranar da Anti Shiru Ta Ɗaga Murya

Salamu alaikum mutanena, masu bibiyata da gaske da masu leƙe su wuce ko gaisuwa babu, duk ina ganin ku. Yau ba tsokana na zo yi ba. To, kaɗan dai. Ku gyara zama in ba ku labarin matar da za ta ajiye aiki ƙarshen watan nan, ku ji abin da ya sa ni da bakina ba ya hutawa nake sara mata.

Anti Shiru muke ce mata. Ita ke kula da ɗan laburaren unguwarmu, wani dogon ɗaki a bayan ofishin ruwa, mai fanka ɗaya da ke kuka kamar akuya. Tun ina sa gajeren wando ita ke buɗe ƙofar nan kowace safiya. Ta share, ta goge kantoci, ta jera kujerun yara, sannan ta zauna da allura da zare da gam tana ɗinke littattafan da muka yaga. In ka yi tari ta ɗago kai. In ka yi dariya ta ɗora yatsa a baki. Ni kam ta sha kora ta, har ta taɓa ce min da surutu sana'a ne da tuni na gina wa Mama gida.

Tana da wata doka da duk yaron layinmu ya sani. Akwai wani tsohon littafin labari mai kashi biyu. A na ɗaya, ɗan wani mai gyaran agogo ya yi faɗa da ubansa, ya ɓuya cikin buhuna a jirgin ruwan 'yan kasuwa, ya shiga duniya, ya sha da ƙyar a hannun 'yan fashi, ya ƙare yana tsaye a kan dutse ana masa kirari. Yara na mutuwar son sa. Na biyun kuwa raina shi ake yi, wai ci gaba ba ya kai na farko daɗi. To Anti ba ta taɓa ba da na ɗaya shi kaɗai. Haɗe su take yi ta ɗaure da roba, ka ɗauki biyu ko ka bar biyu. In ka yi ƙorafi ta ce ba ta tura yaro tafiya ba tare da ta nuna masa hanyar gida ba.

Sai aka yi rashin sa'a. Wani mako ta tafi asibiti aka yi mata aikin ido, ta bar makulli a hannun mai gadin ofishin ruwa. Littafi na biyu yana cikin jakarta, bayansa ya ɓalle tana ɗinkewa. Ƙanena Auta ya je, mai gadi bai san dokar ba, ya miƙa masa na ɗaya.

Babanmu mai walda ne, kuma mutum ne da ba a maimaita masa magana. Ran nan ya sa Auta ya riƙe masa ƙarfe yana haɗa ƙofar wani, ashe yaro hannu ɗaya na kan ƙarfe, ido na kan littafin da ya ɓoye a ƙarƙashin benci. Ƙofa ta fito a karkace. Baba ya fizge littafin, ya ce gobe da wutar walda zai ƙone shi. Sannan a gaban mutane ya ce da irin wannan ɗa gara babu.

Da gari ya waye Mama ta je tashin Auta, ta tarar da katifa babu kowa. An zazzage littattafan makaranta a ƙasa, jakar babu, gorar ruwa babu, tocilar Baba babu, littafin da Baba ya ƙwace ya ajiye a saman kabad shi ma babu. Mama ta zauna a bakin ƙofa ta kasa ko kuka. Baba ya zare bel ɗinsa ya naɗe a hannu ya nufi laburare, ni kuma na bi shi da babur, don na san fuskar nan.

Ranar ce Anti ta dawo aiki, ido ɗaya rufe da auduga. Baba ya shiga yana faɗa, ya ce littattafanta sun lalata masa ɗa, in wani abu ya sami yaron ita zai riƙe. Ba ta kare kanta ba. Tambaya ɗaya ta yi, wanne Auta ya ɗauka. Mai gadi da ke raɓe a bakin ƙofa ya ce na ɗaya, shi kaɗai ya gani a kanta. Jama'a, ban taɓa ganin fuskar matar nan ta canza haka ba. Ta ce yaron cikin labarin a cikin buhuna ya ɓuya, mu kuma ba mu da jirgin ruwa, abin da muke da shi tashar manyan motoci ce. Ta ciro na biyun daga jaka, allura na reto a jikin zare, ta ce in tayar da babur.

Mu uku muka isa tashar rana ta fara zafi. Motoci jere layi-layi, an gama lodi, an ja tamfol an ɗaure da igiya tamau. Shugaban tasha ya ce wasu sun tashi tun da sassafe, sauran ma yanzu za su kama hanya, kuma babu direban da zai kwance kayansa a kan zato. Sai ya rage murya ya ce min in da gaske akwai yaro a ƙarƙashin tamfol a wannan zafin, ba zai kai yamma ba.

Baba ya bi layi yana dukan jikin motoci da kan bel, yana kiran Auta, yana faɗin abin da zai yi masa in ya kama shi. Babu motsi. Can wani direba mai jar mota ya tayar da inji, wasu suka bi shi, tasha ta cika da ƙara da hayaƙi.

Anti ta sha gaban Baba. "Malam, in kai ne a ciki ka ji wannan muryar, za ka fito?"

Baba ya daina dukan motocin.

Ta roƙi shugaban tasha a kashe injina na ɗan lokaci. Wasu suka kashe. Mai jar mota ya leƙo ya ce, "Hajiya, kayan mutane na ɗauko, ana jira na. Ki kauce." Ta je ta tsaya a gaban motar, tsayinta ko fitilar motar bai kai ba. Ya danna hon, ya saki birki motar ta matso har ta kusa taɓa mayafinta. Ba ta motsa ba. Ya yi tsaki, ya ambaci wasu kalmomi da ba zan rubuta ba saboda Mama na karanta ni, ya kashe.

Sai ta buɗe littafin ta fara karantawa da ƙarfi. Matar da ta yi shekaru tana hana mu ko atishawa, yau ga ta a tsakiyar tasha tana ɗaga murya har jijiyar wuyanta na tashi. Masu lodi suka fashe da dariya, ɗaya ya ce yau makarantar yara ta yi ƙaura. Ba ta kula su ba. Ta kusanto da littafin dab da idonta mai lafiya, tana tafe tsakanin motoci tana karantawa.

Ni ban taɓa karanta na biyun ba, roba kawai nake cirewa in mayar. Ashe ba da jarumin ya fara ba. Da gidansu ya fara, safiyar da ya ɓace. Uwar tana bin maƙwabta ƙofa-ƙofa. Uban nan mai zafi, wanda duk muka tsana a na ɗaya, ya bar shagonsa a buɗe, ya bi bakin kogi ba takalmi har ƙafarsa ta tsage, yana tambayar kowane mai kwalekwale. Dariyar masu lodi ta mutu. Mai shayi ya rage rediyonsa.

Ta kai ƙarshen layi. Shiru. Ta juyo ta kama wani layin. Shiru. Ni dai hankalina ya tafi kan motocin da suka tashi da sassafe, ina tunanin abin da zan je in gaya wa Mama. Gumi ya jiƙa audugar idonta, muryarta ta fara dishewa, har ta koma ba a jin ta sai ka matso. Ta tsaya, ta miƙa wa Baba littafin.

"Muryata ta ƙare. Daga nan uban ne ke magana."

Baba ya dubi littafin, ya dubi bel ɗin da ke hannunsa. Littafin na son hannu biyu saboda bayansa a ɓalle yake, sai ya miƙo min bel ɗin. Karatun Baba sai a hankali, da yatsa yake bin layi. Ya karanta inda uban ke tsaye a bakin ruwa yana kiran ɗansa, yana cije kalmomi, yana komawa baya. Bai kai ƙasan shafin ba ya sauke littafin.

"Auta, ni ne. Ƙofar nan na gyara ta, ba komai ba ce. Maganar da na faɗa jiya ƙarya nake. Ka fito mu je gida, uwarka ba ta ci komai ba."

Sai muka ji ƙwanƙwasa, a hankali, kamar ɓera a cikin kwali. Daga wata mota ce can baya, wadda direbanta ke barci a ƙarƙashinta. Kun san wa ya riga kowa hawa? Mai jar mota. Ya zaro wuƙa ya yanke igiyar da ba tasa ba, ya ɗaga tamfol, ya sungumo Auta daga tsakanin buhunan taki. Jikinsa ya saki, leɓe ya tsage, gora babu ko ɗigo. Baba ya karɓe shi ya zauna a ƙasa da shi, muka yi ta zuba masa ruwa kafin a kai shi asibiti.

Da ya farfaɗo ya ce tun da rana ta fito yake son fita, igiya ta hana shi. Da ya ji bel a jikin mota kuma sai ya yanke shawarar gara ya zauna.

Bayan haka wasu iyaye sun ce a kwashe littafin daga laburare baki ɗaya. Anti ta ƙi, kuma Baba ne ya tsaya mata. Ni ma na zauna na karanta na biyun har ƙarshe, kuma masu cewa ba shi da daɗi ba su buɗe shi ba ne. Akwai kada, akwai ambaliya, akwai gudun ceton rai. Bambancinsa, jarumin yana jin tsoro a fili, yana komawa ya nemi abokin da ya yasar a hanya, kuma abin da ya fi ba shi wuya a duk tafiyar shi ne tsayawa a ƙofar gidansu ya yi sallama. Yaron da ya karanta wannan zai ci gaba da mafarkin ganin duniya, amma zai san akwai waɗanda ya bari a baya.

Anti, ke ce kika tsaya a gaban mota da ido ɗaya saboda ɗan mutumin da ya gama zagin ki. Ke ce kika san abin da ke cikin kan yaranmu lokacin da mu 'yan gidansu ba mu sani ba. Mai allura, mai haƙuri da masu surutu. Mun gode. Allah ya ba ki lafiyar ido, ya sa ki huta da daɗi. Wanda zai gaje ki, da duk wanda ke miƙa wa yaro littafi, ya fara karanta shi tukuna, ya san inda zai kai yaron.

Auta na nan lafiya, Baba bai taɓa shi ba, ko da yatsa. Ku kuma ku faɗa min gaskiya, ban da cika baki. In kai ne a bayan sitiyari, ana jiran ka da kaya, wata mata ta tsaya a gabanka da yagaggen littafi, za ka kashe inji? In kuma kai ne uban, tasha cike da maza suna kallon ka, za ka iya buɗe baki ka ce ƙarya kake?